Wannan shinkafar, ƙarfe nawa aka sauke ta?

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri, tun ranar Lahadi abin yake cina a rai.

Asabar ɗin da ta wuce mun je dinar bikin ƙanwar wani abokina. Kati ya ce ƙarfe 7 na dare. Ni da na san halinmu sai na yi zamana har 8 da rabi, amma duk da haka da na isa, masu kiɗa ma gwajin sifika suke yi. Abu ɗaya ne ya riga kowa zuwa, abinci. Ga shi nan jere a jikin bango cikin manyan kwanukan silban nan masu murfi da 'yar wuta a ƙarƙashi: soyayyiyar shinkafa, jalof, farfesun kayan ciki, kaji, alale, ga wani ƙaton faranti na haɗin kabeji da karas an lafta masa mayonis an ja leda an rufe. Amarya da ango ba su shigo ba sai wajen 10. Aka yi rawa, aka yi liƙi, aka yanka kek, dangin ango suka fito fili, dangin amarya suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. Sai 11 saura aka ce bismillah, kowa ya tashi ya ɗebi abin da ransa ke so.

Washegari da hantsi wani ya jefo tambaya a gurup ɗinmu na WhatsApp: "Wai ni kaɗai ne cikina ya kwana yana juyawa?" Kafin azahar mutum biyar sun amsa. Aka yi ta dariya, ana tsokanar wanda ya yi ƙari har sau uku. Dariyar ta tsaya ne da la'asar, da ɗaya daga cikinmu ya turo hoto daga asibiti. 'Yarsa ce, shekararta 4, an ɗaura mata ƙarin ruwa. Yarinyar nan fa ko wajen bikin ba ta je ba. Mahaifiyarta ce ta ƙunso mata shinkafa da cinyar kaza a roba, abincin ya kwana a kicin, da safe aka ɗumama aka ba ta. Alhamdu lillahi an sallame su, ta warware, har ta koma rigimarta.

Kun san mu da fassara. Wani ya ce maiƙo ne ya yi yawa. Wani ya ce ulsa ce ta tashi. Wani ya ce taifot, don a wajenmu duk ciwon da ya haɗa ciki da zazzaɓi taifot ne sunansa. Wata gwaggon amarya kuwa cewa ta yi baki ne, biki ya yi kyau mutane suka sa ido. Ni tambaya ɗaya na yi wa abokin nawa, na ce ƙarfe nawa aka gama girkin? Ya kira Hajiyar da aka ba kwangilar abincin. Ta ce, "Alhaji, ai ni tun ƙarfe 2 na sauke komai, ku ne kuka ce lallai abinci ya isa wajen kafin 5." To ku lissafa. Daga 2 na rana zuwa 11 na dare awa 9 ke nan. Wanda yarinyar ta ci da safe kuwa ya doshi awa 18.

Bufe, wato tsarin nan na ɗebi-da-kanka, yanzu ya zama yayi. Otal, taron bita, dina, walima, har azumi idan ya zo za ka ga gidajen abinci a Abuja da Kano da Kaduna suna ta talla, biya kuɗi ɗaya ka yi buɗa-baki da duk abin da kake so. Ni ba na adawa da shi, ni ma ina ci, ina kuma yin ƙari. Abin da ke damuna shi ne abin da muke dubawa idan mun tsaya gaban teburin. Muna duba tayil, da sanyin esi, da kyallin kwanuka, da ma'aikaci mai farar riga da safar hannu, sai zuciya ta ce ai nan wajen tsafta ne. Alhali abubuwa biyun da za su kwantar da kai ko su ƙyale ka ba a ganinsu a hoto: awa nawa abincin ya yi a ajiye, kuma da wane irin zafi ya yi zaman.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗin wannan, kuma ba wani abu ne mai wuya ba. Dafaffen abinci ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko ya zauna cikin sanyi ƙasa da digiri 5. Tsakanin waɗannan biyun shi ne inda ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Kuma ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan a ɗaki. Hukumomin abinci na Amurka ma sun ƙara da cewa idan zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ce kawai. Mu da watan Afrilu ke kai mu 40, ku duba inda muka tsaya.

Idan yanayi ya yi wa ƙwayar bakteriya daɗi, cikin minti 20 ɗaya takan rabu ta zama biyu. Ɗauki kalkuleta ka ninka. A awa 7 ƙwaya ɗaya tal ta haura miliyan 2. Kuma duk wannan aikin ba lallai ne ya canja warin abincin ko ɗanɗanonsa ba. Nan ne muke faɗawa rami, domin mu gwajinmu hanci ne. A shinshina, a ɗan lasa, "a'a, bai yi tsami ba, lafiyarsa ƙalau." Ƙwayoyin da ke sa abinci ya yi tsami daban, masu kai mutum asibiti daban. Sau da yawa abincin da zai kwantar da kai daɗinsa har kunne.

Shinkafa ita na fi so mu tsaya a kanta, don ita ce uwar kowane bufe a ƙasar nan, kuma ita ce wadda ba wanda ke zargi. Kowa tsoron kifi da nama yake yi. Akwai wata ƙwaya da masana ke kira Basilus sereyus, tana zuwa tare da ɗanyar shinkafa tun daga gona. Takan dunƙule ta zama kamar iri mai tauri, tafasa ba ta kashe ta. Da an sauke shinkafa ta fara hucewa ta koma ɗumi-ɗumi, sai ta farka ta fara yaɗuwa tana zuba guba. Babban tashin hankalin shi ne gubar nan ba ta jin wuta. Ko ka sake soya shinkafar har ta yi ƙauri, ƙwayar ce za ta mutu, gubar tana nan. Shi ya sa "ai na ɗumama" ba hujja ba ce. Amai kan fara cikin awa 1 zuwa 6. Turawa har suna suka sa wa abin, suna jingina shi ga soyayyiyar shinkafa, saboda yadda ake dafa farar a ajiye ta ta yi awoyi kafin a zo a soya.

Na san wani zai ce, haba malam, mu da muka tashi da ɗumame? Gaskiya ne, ni ma da shi na tashi. Amma ku tuna yadda iyayenmu mata ke yinsa. Miya sai ta tafasa fafal-fafal, tuwo sai ya yi zafin da ba ka iya sa hannu, kuma ana saukewa ake ci. Ba a ajiye shi kan 'yar wuta kamar ta kyandir ya wuni. Sannan mu daina yaudarar kanmu cewa ba abin da ke samunmu a da. Yara nawa suka yi ta zawo aka ce haƙori ne? A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo a duk shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Afirka ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, mutum kusan 137,000 a shekara. Ba a rubuta "shinkafar biki" a takardar asibiti, amai da gudawa ake rubutawa.

Ita 'yar wutar da ke ƙarƙashin kwanon nan, mutane da yawa ba su san aikinta ba. Ba ta dafa abinci, ba ta kuma mayar da mai sanyi ya yi zafi. Aikinta kawai ta riƙe zafin abincin da aka zuba yana tururi. Idan aka kawo shinkafa a kula ta riga ta huce a go-silo, aka juye a kwanon aka kunna wutar, abin da aka yi shi ne an mayar da ita ɗumi-ɗumi, daidai yadda ƙwayoyin ke so. Ballantana ma sau tari idan ka sunkuya ka leƙa za ka ga wutar ta mutu tun tuni, gwangwanin ne kawai. A dinar nan na leƙa, cikin kwanuka bakwai biyu ne ke ci. Na buɗe murfin shinkafa ban ga tururi ba, na mayar na rufe. Abin da ya cece ni ke nan, ba wayo ba. Na taɓa shan irin wannan wahalar a wani taron bita shekarun baya, kwana biyu ban san inda ake taron ba sai hanyar bayi, tun daga nan nake leƙa ƙarƙashin kwano kamar makanike.

Haka miya da farfesu da naman da aka dafa a ƙatuwar tukunya. Gefen tukunya ya huce, tsakiyarta ta daɗe da ɗumi, wata ƙwayar ce kuma ke son wannan, ita ciwon mara da zawo take kawowa bayan awa 6 zuwa 24. Don haka ba kullum abin da ka ci na ƙarshe ne mai laifi ba. Wani sai ya zagi mai shayin unguwa da safe, alhali farfesun daren jiya ne ya iso.

Haɗin kabeji mai mayonis kuwa, ni dai a bufe na yafe shi, sai dai in ga an ɗora farantin a kan ƙanƙara ko yanzu aka fito da shi daga firij. Ɗanye ne, wuta ba ta taɓa shi ba, hannu ne ya yanka, hannu ne ya cakuɗa, wani lokacin ma a kan katakon da aka gama yanka ɗanyar kaza. Duk wanda ya san lambunan da ke bin Jakara a Kano ya san irin ruwan da ake ban-ruwa da shi, to wankin da aka yi wa ganyen shi ne kaɗai katangar da ke tsakaninka da wannan ruwan. Kankana da abarba da aka yanka aka shanya tun yamma su ma haka. Ayaba da lemon da za ka ɓare da hannunka sun fi kwanciyar rai. Zoɓo da kunun aya a ƙaton bokiti, an fasa ƙanƙara an zuba ciki, ka tambayi kanka da wane ruwa aka yi ƙanƙarar. Sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, kwantar da ita kawai yake yi. A 2021 fa mutum sama da 100,000 aka yi zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohinmu na Arewa irin su Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara ne suka fi shan wahala. Ruwa ba abin wasa ba ne a wajenmu.

Sai kuma mu kanmu, masu ci. Cokalin zuba abinci ɗaya, mutum 200 sun kama. A cikinsu akwai wanda ya fito daga bayi, da wanda ya gama fyace majina, da wanda ya gama ƙirga kuɗin liƙi, da wanda ya gaisa da rabin mutanen hol. Sai ka kama cokalin, ka dawo kujera ka ɗauki cinyar kaza da wannan hannun. Sanitaiza tana taimakawa, amma akwai ƙwayar nan norobairos mai sa amai da gudawa wadda sanitaiza ba ta cika yi mata komai ba, sai ruwa da sabulu. Ni yanzu bayan na gama zubawa nake zuwa in wanke hannu, kafin in fara ci. Ga masu sakin cokali hannunsa ya nutse cikin miya. Ga masu ɗaukar cokalin kifi su ɗebi shinkafa. Ga masu komawa ƙari da farantin da suka lashe, cokalin kowa yana gogar farantin. Ga masu tsayawa kan abinci a buɗe suna hira da dariya har da tari. Don Allah a ɗauki sabon faranti, ba wanda zai caje ka kuɗin wanki.

Akwai wata ɗabi'a ta ma'aikata da ya kamata ku riƙa lura da ita. Idan kwano ya kusa ƙarewa, maimakon a ɗauke shi a kawo sabo, sai a zo a juye sabon abinci a kan tsohon a gauraya. Na ƙasan nan yana iya kaiwa tun safe. Wajen da ya san aikinsa kaɗan-kaɗan yake fitowa da abinci, yana canja kwanon gaba ɗaya. Idan ka ga an tula abinci kamar dutse don a burge ido kuma masu ci ba su da yawa, ka san zama zai yi. Shi ya sa ni a gidan abinci na fi son in je da an buɗe, lokacin cunkoso. Mai zuwa bufen rana ƙarfe 4 kwantai ya biya kuɗi ya ci.

Zan faɗi wata magana da wasu ba za su so ba. Ƙosan da aka tsame daga mai a gabanka a bakin titi, da tsiren da aka mayar kan garwashi ya yi zafi sosai aka yanka maka, sun fi shinkafar otal mai tauraro biyar da ta yi awa 6 tana ɗumi-ɗumi aminci. Ban ce masu abincin titi ba su da nasu ba, ƙuda da ruwan wanke-wanke da takardar naɗi duk muna gani. Amma ƙwayar cuta ba ta san kuɗin faranti ba, wuta da lokaci kawai ta sani.

To laifin wa? Da farko na so in ɗora wa Hajiya mai abinci, amma da na yi tunani sai na ga rabonta kaɗan ne. E, ya kamata ta ce a'a, ko ta raba girkin kashi biyu, ko ta tsaya a kan wutar kwanukanta. Amma mu ne muka rubuta 7 muna nufin 10. Mu ne muka ce a kawo abinci 5 don kada a ji kunya. Mu ne muka ɓoye abinci sai ƙarshen taro don kada mutane su ci su gudu a bar amarya da kujeru. Mun ɗauki rashin cika lokaci abin barkwanci ne, ga shi ya koma ƙarin ruwa a hannun 'yar shekara 4. Za a kashe miliyoyi a kwalliyar hol da mai hoto da anko, amma ba wanda ya ware mutum ɗaya ya ce aikinka ka tabbata wutar nan ba ta mutu ba. 'Yar na'urar auna zafin abinci ba ta kai kuɗin kwalin lemo biyu ko uku ba, ban taɓa ganin mai girkin biki da ita ba.

Hukuma ma tana da nata. Iyayenmu suna ba mu labarin duba-gari, yadda mata ke rawar jiki su wanke randa idan an ce ga shi nan tafe. Har yau akwai jami'an tsaftar muhalli a ƙananan hukumomi, aikinsu ne su shiga kicin ɗin gidajen abinci su duba. Wuraren biki nawa aka buɗe a garuruwanmu cikin shekara goman nan? Ina so in ga ranar da jami'i zai shigo ana tsakar dina ya buɗe murfi ya tsoma na'ura.

Kafin wannan ranar ta zo, kai ne duba-garin cikinka. Kuma tambaya ba rashin kunya ba ce. "Malam, don Allah yaushe aka fito da wannan?" Ba wanda ya taɓa dukana don na tambaya, sau da yawa ma sai yaron ya rage murya ya ce, "Yallaɓai, ɗan jira, yanzu za a kawo sabo." Masu zuwa Umra da Hajji, wannan har da ku, don otal-otal na Makka da Madina kusan duk bufe ne, kuma na san halinmu na ɗebo abinci a kai ɗaki a ajiye sai an dawo daga Harami. A azumi kuma ciki ya wuni ba komai, ido ya rufe, an biya kuɗi mai yawa, kowa na cewa sai na ci kuɗina. Mai cewa Allah ke tsarewa, gaskiya ya faɗa, amma na ga ya kulle motarsa kafin ya shigo.

Maganar ƙunso abinci a kai gida ita ce ta fi taɓa ni. Niyya ce mai kyau, uwa ta tuna da 'ya'yanta. Amma abincin da babba zai ci ya yi zawo sau biyu ya warke, shi ne zai zuƙe ruwan jikin yaro cikin 'yan awoyi. Haka tsofaffi, da masu juna biyu, da masu ciwon suga. Abincin da ya riga ya wuni a hol ba shi da sauran lokacin da zai kwana, ko da firij, balle a ɗauke wuta cikin dare. A kai musu cincin da kek da lemon kwalba, su ma tsaraba ce.

Idan kuma abin ya riga ya faru, a daina rugawa kemis ana haɗa Flagyl da kafso ana watsawa. Yawancin irin wannan ciwon da kansa yake wucewa, abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A nemi garin gishiri da suga na leda da ake sayarwa a kemis, in babu a haɗa a gida: lita 1 ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko ana amai. Amma idan an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko komai aka sha sai ya dawo, ko fitsari ya ɗauke, ko idon yaro ya faɗa ya yi laushi, ko zawon ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, to babu jira, asibiti. Sannan a faɗa wa mai bikin ko mai gidan abincin. Kara ce ke hana mu, kowa ya yi jinyarsa a ɓoye, mai girkin ta ɗauka aikinta ya yi kyau, mako mai zuwa ta maimaita a wani bikin.

Wata mai kamawa ƙanina ne zai angwance. Na zaunar da shi jiya na ce ni buƙatata ɗaya ce, a gaya wa mai abinci ainihin lokacin da za a ci, ba na kati ba, kuma a ci abinci tukuna sannan a yi rawa, wanda zai gudu ya gudu. Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce, "Yaya, ni na yarda, amma wannan maganar sai dai kai ka je ka faɗa wa iyayen amarya." Gobe bayan la'asar zan je.